Sharhi: Number Pieces da PhET a Ajin Lissafi na Firamare

Duk malamin da ya koyar da ɗebewa a aji uku ya san inda yara ke tuntuɓe, wato wajen aro. Ka ce su ɗebe 27 daga 52, da yawansu 35 za su rubuta, don a kowane layi ƙaramar lamba suke cirewa daga babba. Wannan ya sa na gwada Number Pieces, manhajar kyauta ta Math Learning Center da ke jihar Oregon a Amurka. A intanet ake buɗe ta, ba ruwanka da rajista.

A cikinta akwai ƙwayoyi ɗai-ɗai, da sanduna na goma-goma, da faifai na ɗari. Sai ka jera sanda biyar da ƙwaya biyu, ka zaɓi sanda guda ka fasa ta, nan take ta rabu gida goma a gaban idon yaro. Sanduna sun koma huɗu, ƙwayoyi sun zama 12. Wata ɗalibata da ta daɗe tana rera "a aro ɗaya" da ka ta ɗago ta ce, "Malam, ashe ɗayan da muke arowa goma ce!" Ta janye bakwai da yatsarta, ta cire sanda biyu, ta ƙirga 25. Ɗaurin tsinken tsintsiya ma yana wannan aikin, sai dai kwancewa da ɗaurewa na cin lokaci, balle an shiga ɗaruruwa.

Wajen rabi da sulusi da kwata kuwa, PhET, shafin darussan gwaji na Jami'ar Colorado, ya fi kwanta mini. Yaro yana ƙara lambar da ke ƙasan layi yana ganin yankan hoton na ƙanƙancewa, sai ya daina cewa ɗaya bisa takwas ya fi kwata girma. Ana kuma iya sauke darasin a ajiye, a buɗe ko babu data.

Matsalar a wurinmu take. Aji cike maƙil, kwamfuta guda, ga ɗauke wuta, fuskar waya kuma ta yi wa sandunan ƙanƙanta. Amfanin abin sai yaro ya taɓa da hannunsa, kallo daga bayan aji bai wadatar ba. Don haka rukuni-rukuni nake kiransu gaban tebur, sauran suna yin lissafin da marafan kwalba da tsinke kafin layi ya zo kansu. Malamin da ke da kwamfuta ko babbar waya, ina ba shi shawara ya fara da darasin aro.