Feshin roba ko fenti a rim? Ɗauki robar

Ɗan'uwa, tsakanin fesa wa rim ɗin motarka robar da ake iya ɓarewa da kuma kai shi wajen mai fenti, ni dai robar zan ce ka ɗauka. Sharaɗina ɗaya ne: rim ɗin ya kasance lafiyayye, bai lanƙwashe ba, bai tsage ba, kala kawai kake son sauyawa.

Ka san yadda ake cinikin mota a nan. Da mai saye ko dillali ya ga alamar fenti, a ƙofa ne ko a rim, sai ya fara zargin an rufe wani aibi, farashi ya sauka. Shi fenti kafin ya zauna sai an goge rim da samfefa, an cinye kalar da ya zo da ita daga kamfani, kuma ba ta dawowa. Roba ba ta buƙatar a goge komai. Tana kwanciya ne a sama, ranar da ka gaji da ita ka ɗaye abarka.

Wanda na yi amfani da shi Plasti Dip ne, baƙi mara sheƙi. Wani kamfani ne a jihar Minnesota ta Amurka ke yin sa tun 1972, kuma asali don rufe mariƙin filaya da sauran kayan aiki aka yi shi, daga baya masu motoci suka gano yana yi musu amfani. Na fesa shi a rim ɗin Corollar da nake hawa a da, masu ruwan azurfa. Ya sha zafin bazara, ya sha damina, ya sha ƙurar hunturu, bai ɗago ba. Da zan ba ƙanena motar sai ya ce shi kalar asali yake so. Muka zauna a inuwa, na sa farce na ɗaga baki ɗaya, na ja a hankali, sai ga robar tana tahowa kamar ana cire safa. Abin da ya faranta mini rai shi ne rim ɗin da ke ƙasa. Yadda na rufe shi haka na same shi, don tsakuwar hanya da ƙurar birki duk a kan robar suka ƙare. Yaron ya daɗe yana shafa shi da hannu yana murna, ni ma wallahi na ji daɗin ranar.

Amma ka riƙe wannan: aikin duka a kauri yake. Duk wanda ka ji yana kukan robar ta ƙi ɓaruwa, sai ya yi ta tsinta guntu-guntu da farce, siririya aka fesa masa. Gwangwani ɗaya giram 311 ne, kuma kusan rim ɗaya yake ci, saboda haka ka sayi 4, ko 5 idan rim ɗinka inci 17 ne ko mai hannuwa da yawa. Ka wanke shi da sabulu sosai, ka bari ya bushe ƙayau, kada a bar maiƙo ko man sheƙin taya ko kaɗan, don roba ba ta kama maiƙo. Feshin farko sama-sama ake yi, har kana hango kalar ƙasa. Na bayansa kuma ya jiƙu sosai amma kada ya kai ga zuba. Ka tsaya nesa da kimanin santimita 20, ka ba da minti 30 tsakanin kowane feshi, ka yi sau 5 ko 6, kana juya rim ɗin don lungunan hannuwa su samu. Ka bar shi aƙalla awa 4 kafin ka taɓa, kwana ɗaya kafin wanki.

Cire tayar ya fi, amma in ba za ka cire ba, ka cusa leda ta bayan rim ka rufe farantin birki gaba ɗaya, ka jera 'yan kwalaye tsakanin bakin rim da taya. Kada feshin ya shiga inda noti ke zama, ko bayan rim inda yake haɗuwa da ƙarfen mota. Roba a nan tana iya sa noti ya saki bayan an ɗaure, wannan kuwa maganar rai ce. Kada kuma ka yi aikin a tsakar rana ko ranar da hazo ya sauko. A rana feshin yana bushewa tun a iska ya sauka da kaushi, a hazo kuma ƙura ce za ta manne a ciki.

Abokan gabanta a ƙasar nan biyu ne. Na farko fetur da kalanzir, suna narkar da ita, kuma yaran wankin mota sun saba goge rim da su in ya yi baƙi. Ka gaya musu tun kafin su fara: ruwa da sabulu da soso mai laushi kawai. Na biyu ƙarfen mai faci, wanda zai yaga bakin robar duk lokacin da ya ɓalle taya. In tayoyinka sun kusa ƙarewa, ka fara sauya su tukuna. Kada kuma ka bar ta ta wuce shekara 2 zuwa 3, don rana tana ƙeƙasar da ita, ɓarewar ta yi wuya.

Fenti fa? Ya fi sheƙi, ya fi jure fetur, wannan na yarda. Na taɓa kai rim aka yi mini, kafin damina ta fita ya fara ɓamɓarewa daga wajen noti. Iyakar abin da zan ce a kansa ke nan. Idan rim ɗinka ya riga ya ci, ya yi ƙuraje, to nemi masu fentin hoda (powder coating) da ake gasawa a tanda a zafin digiri 180 zuwa 200 na Celsius, shi ne mai ƙarko na gaske, sai dai tsada da wuyar samu.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Akwai masu miƙo maka fentin gwangwani na yau da kullum da hoton taya a jiki, su rantse roba ne. Akwai masu aikin feshi da za su karɓi kuɗin gwangwani 4 su yi da 2. Mafi muni su ne masu fesa baƙar roba a tsohon rim don su ɓoye walda ko tsagewa. In za ka sayi rim na hannu ka gan shi da sabon feshi, ka ce a ɗaye wani wuri, ka juya bayansa ka duba da kyau.

Gwangwani ɗaya za ka fara saya. Ka fesa a bayan tsohon cokali sau 4, ka bar shi ya kwana. In da safe ya ɗago yana talewa, koma ka sayi sauran a wurin mutumin. In ya ƙi ɗagowa ko ya farfashe, fenti ne, kada ya kusanci rim ɗinka.