Daga Moris Zuwa Agege: Maganar Sagir

Yaya Habu, assalamu alaikum. Ina gaida Hajiya da yara, da 'yan majalisarmu ta bakin masallaci. Saƙon muryarka ya iso, har sau biyu na saurare shi. Ka ce tun da aka hana okada a Ikeja da wasu ƙananan hukumomi a 2022 Sagir bai sake tsayawa da ƙafarsa ba, yau dako a Mile 12, gobe gadi, kuma wani ejan ya ce ya sayar da mashin ya kawo kuɗi a turo shi nan Mauritius, wai aiki ne ke neman mutane. Maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Da farko ka san girman wurin. Mauritius, wadda masu ita ke kira Moris, tsibiri ce a tekun Indiya, kuma duk faɗinta bai kai jihar Legas ba. Mutanenta ba su wuce miliyan ɗaya da dubu ɗari uku ba, wato Alimosho da ke maƙwabtaka da ku ita kaɗai ta shanye su. Duk abin da zan faɗa maka a ƙasa ka riƙa tuna wannan, don tuwon gida mai mutum biyar ba ɗaya yake da na gidan biki ba.

Wuta dai ba a ɗaukewa sai in guguwa ta zo, har na manta ƙarar janareto. Ruwa kuwa suna da tasu matsalar, in rani ya yi sai a koma ba shi da awa, shi ya sa kusan kowane gida da tankinsa. Ɗan ƙasa ba ya biyan kuɗin asibitin gwamnati, sai dai ya sha layi. Makaranta kyauta ce, tun 2019 ma har digirin farko a jami'o'in gwamnati. Ɗalibi da tsoho ba sa biyan kuɗin bas tun 2005. Akwai jirgin ƙasa na cikin gari daga Port Louis zuwa Curepipe, tsaf da shi, amma kada ka ce na raina namu, wanda ya ratsa Agege zuwa Oyingbo ya fi shi ɗiban jama'a a zubi ɗaya.

A kasuwa ne nake kewar gida. Fulawa da iskar gas da wata shinkafa ta talakawa gwamnati na sa musu tallafi, saboda haka burodi ba ya gagarar kowa. Amma tumatir, wayyo! Bayan guguwar Belal ta Janairun 2024, wadda ta cika titunan Port Louis da ruwa, sai da na koma ƙirga tumatir ɗaya-ɗaya kamar ƙwai, ina tuna kwandunan da ake saukewa daga tirela a Mile 12. Nama na halal ba ya wuya, domin Musulmi suna da yawa, kusan mutum ɗaya cikin shida, kuma babban masallacin Juma'a na Port Louis ya haura shekara 150. Sai dai yawancin naman daga waje yake zuwa, shanun layya ma a jirgin ruwa ake kawo su. Tsire irin na Obalende kuwa sai a mafarki. Abin da ke riƙe ni da rana shi ne dholl puri, wani abu mai laushi kamar siririyar gurasa da ake naɗewa da miyar wake.

To, ga maganar aikin. Ejan bai yi ƙarya duka ba, kuma nan ne haɗarin yake. Gaskiya ne ana neman hannu. Tun 1970 da suka buɗe yankin masana'antun fitar da kaya suka fara rage dogaro da rake, suka shiga saƙa da ɗinki, daga baya otal-otal da harkar banki da ofisoshin kwamfuta na Ebene, inda nake. Yau in ka shiga gidan burodi da asuba, ko masaƙa, ko wurin gini, 'yan Bangaladash da Indiya da Nepal da Madagaska za ka tarar. Amma kuma a ƙasar nan ɗin dai, rashin aiki tsakanin matasa 'yan ƙasa da shekara 25 ya ninka na sauran jama'a kusan sau uku. Da na zo abin ya ɗaure min kai: ga aiki har ana ɗauko baƙi, ga kuma yara na zaune.

Ɗan mai gidan da nake haya ne ya warware min. Yana da digiri, shekara biyu ke nan yana jiran aikin gwamnati ko na banki. Na taɓa ce masa ga gidan burodin unguwa na neman mutum, sai ya yi dariya ya ce ai ba don murza fulawa ya yi karatu ba. Ban ga laifinsa sosai ba. Yana kwana gidan ubansa, kakarsa na karɓar fanshon tsufa daga gwamnati, in ya yi zazzaɓi asibiti kyauta. Zaman jira bai kai shi ga yunwa. Sagir kuwa in ya zauna kwana biyu, na uku sai ka ciyar da shi. Shi ya sa a Legas ba ka cika ganin wanda za a kira marar aiki ba, kowa na buga-buga, mai turin baro, mai gyaran takalmi, mai yankan farce, amma kuma ba wanda ya ƙoshi. Abokan yaron nan da suka gaji da jira, wasu sun hau manyan jiragen ruwan 'yan yawon shaƙatawa suna aikin otal a kan teku, wasu sun wuce Kanada da Faransa da Ostareliya. Ƙasar na fitar da nata masu ilimi, tana shigo da leburori. Wasu kuma daga cikin waɗanda suka rage ƙwaya ta cinye su, abin da ba ka gani a hotunan bakin teku.

Gwamnati ba ta naɗe hannu ba. Tun 2013 akwai shirin da ake kira YEP: kamfani ya ɗauki matashi ya koya masa aiki har shekara guda, gwamnati ta mayar wa kamfanin da wani kaso na alawus ɗin. Ya fi N-Power ɗinmu ta 2016 dabara a ganina, don a can gwamnati ce ke biyan naira 30,000 kai tsaye, ranar da ta daina shi ke nan, a nan kuwa yaro na cikin kamfanin da zai iya riƙe shi. Sai dai na ji matasa na ƙorafin cewa wasu kamfanonin in shekara ta cika sai su sallame ka su ɗauko sabo. Mafi ƙarancin albashi sun kafa shi a 2018, a Janairun 2024 ya kai rupi 16,500, kusan rabin miliyan ke nan a kuɗinmu, ga albashin wata na goma sha uku da doka ta wajabta a ƙarshen shekara. Na san za ka kwatanta da naira 85,000 ta Legas ka ce to me ake jira. Cire haya da abinci tukuna, a wurin da kusan komai jirgi ke kawo shi, ka ga abin da zai saura.

Kuma YEP na 'yan ƙasa ne, babu rabon Sagir a ciki. Baƙo ba ya aiki sai da takardar izini, kamfanin da zai ɗauke shi ne ke nemo ta, kuma da sunan kamfanin take. Ɗalibi an yarje masa awa 20 kacal a mako. Babu okada, babu zaman gadi na "Malam, zo ka kwana a ƙofa". Wanda ya shigo da sunan yawon buɗe ido ya tsaya neman aiki, a tsibiri ina zai ɓuya? Saboda haka ka ce wa ejan ya nuna kwantiragi da sunan kamfani da takardar izinin, ka ɗauki hotonsu ka turo min, zan je har ƙofar kamfanin in tambaya. Kafin nan kada Sagir ya taɓa mashin ɗin nan. In yana da sha'awar walda ko aikin famfo ko girkin otal, ya fara koya a Legas ya karɓi takardar shaida, zan taimaka da kuɗin koyon daga albashin Disamba.

Akwai wani ɗalibi da zai taso daga Legas ƙarshen wata, zan ba shi lambarka. Don Allah Hajiya ta ƙulla min yaji mai yawa, nawa ya ƙare tun azumi.