Kwana biyu a otal ɗin Grand na Scarborough

Duk wanda zai kama ɗaki a otal ɗin Grand da ke Scarborough, a gabar tekun arewa maso gabashin Ingila, ya san cewa ginin da tekun da ke gabansa ne zai biya wa kuɗi. Na yi kwana biyu a ciki, kuma a ganina kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, muddin an natsu wajen zaɓen ɗaki.

Tun wajajen 1626 mutane ke zuwa garin don shan ruwan wani marmaro da aka yarda yana magani. Amma sai da jirgin ƙasa ya iso daga York a 1845 baƙi suka yi yawa, har aka ga garin na bukatar masauki na alfarma. Aka danƙa aikin ga Cuthbert Brodrick, ɗan garin Hull, wanda ya zana babban zauren birnin Leeds. An soma ginin a 1863, aka buɗe shi a 1867, yana cikin otal-otal mafi girma a Turai a zamaninsa.

Lissafin da ya bi shi ya fi burge ni. A kan kalanda ya ɗora ginin: hasumiya 4 domin yanayi huɗu na shekararsu, hawa 12 domin watanni, bututun hayaƙi 52 domin makonni, ɗakunan kwana 365 domin ranaku. Gyare-gyaren baya sun sauya adadin ɗakunan, amma hasumiyoyin na nan daram. Ya kuma lanƙwasa ginin ya yi siffar harafin V, don girmama Sarauniya Biktoriya, wadda sunanta ya fara da V a Turance. Tubalin ruwan ɗorawa ne, a Hunmanby kusa da garin aka gasa shi, kuma in hantsi ya dake shi sai ka ga yana ɗaukar ido. A da har bahon wanka famfo biyu-biyu gare shi, na ruwan daɗi da na ruwan teku, domin likitocin lokacin sun ɗauki wankan ruwan gishiri a matsayin magani.

Wannan siffa ta V da kuma zaman ginin a kan gangaren St Nicholas su ke raba ɗaki da ɗaki. Ƙofar shiga tana ta ɓangaren gari, a saman tudu, don haka wasu hawan suna ƙarƙashinta ta wajen teku. Tun wajen kama ɗaki ka faɗa a fili cewa mai kallon teku kake so, ka tambayi hawa na nawa ne. Daga tagar da ta dace za ka ga rairayin South Bay, da kwale-kwalen masunta a tasha, da kangon tsohuwar ganuwa a kan dutse.

Kowane tsohon gini a bakin teku yana fama da gishiri: iska na ɗauko shi, yana cin ƙarfe, yana ɓamɓare fenti, danshi kuma na kumbura katakon taga. Saboda haka a zo da rigar sanyi ko da a watan Yuli. Daga bazararsu zuwa wajen Agusta kuma, wasu fararen tsuntsayen teku na yin sheƙa a jikin gine-ginen unguwar da gadar da ke kusa. Kukansu na farawa tun asuba. Mai sauƙin farkawa ya tanadi audugar toshe kunne.

Zuwa ba wuya. Daga York kusan minti 50 ne a jirgin ƙasa, daga tasha kuma tafiyar minti goma a ƙafa. Saukowa rairayi da sauƙi, hawowa ne aiki. Mai ciwon gwiwa ya shiga ƙaramin taragon gangare da ke kusa, wanda ke aiki tun 1881.

Kafin ka tafi, ka tsaya a kan gadar ƙarfe ta 1827 ka dubi fuskar ginin ta wajen ruwa. Jiragen ruwan yaƙin Jamus sun yi wa otal ɗin ruwan harsasai da safiyar 16 ga Disamba, 1914, suka same shi aƙalla sau 30, aka kuma gyara shi aka ci gaba da karɓar baƙi.