Golf a Zariya ko a Kaduna: ina ya fi dacewa da sabon shiga?

Malam, ka ce an dawo da kai aiki Zariya, ka fara koyon golf, kana neman filin da mutum zai buga ba sai ya yi rajista ba, kuma kana tunanin ko ka riƙa zuwa Kaduna. To, irin filin nan na kowa da kowa da ake samu a Amurka, wanda hukumar gari ke kula da shi, ba haka tsarin yake a nan ba. Filayenmu na kulob ne. Baƙo kan biya kuɗin wasa na yini, kuma abin ya fi zuwa da sauƙi idan wani mamba ne ya shigo da shi.

Ni dai shawarata, ka riƙe filin Zariya da ke GRA. Mai koyo ba babban fili yake buƙata ba, yawan bugu yake buƙata, hannu ya saba da sanda. A nan gida kana iya fita bayan sallar asuba, ka buga ramuka 9, ka yi wanka ka isa ofis a kan lokaci. Kaduna kuwa tafiyar kusan kilomita 80 ce, ramuka 18 kuma suna cin awa huɗu ko fiye a ƙafa. Ka haɗa da zuwa da dawowa da kuɗin mai, yini ya tafi. Da wuya mai aiki ya jure wannan kowane mako.

Amma Kaduna tana da abin da ba za a raina ba. Babban birni ne, 'yan wasa sun fi yawa, za ka haɗu da waɗanda suka fi ka hannu nesa ba kusa ba, kuma bin irin waɗannan a fili yana gyara mutum ƙwarai. Sau ɗaya a wata, ranar Asabar, ya wadatar.

Yanayin filayen biyu kusan ɗaya ne. Da rani ƙasa ta bushe ƙamas, ƙwallo ta sauka ta yi ta gangarawa, har ka ɗauka ƙarfinka ne ya ƙaru. Da damina ciyawa ta tashi, ƙwallon da ta kauce hanya sai ka yi ta laluben ta da sanda har ka haƙura, don haka kada ka sayi masu tsada yanzu. Ka kuma tambaya ko bakin rami ciyawa ce ko yashi, domin tsofaffin filayen Arewa da dama da yashi mai gauraye da mai aka san su, wanda ake sharewa ya yi sumul kafin a tura ƙwallo. Ƙarfin bugun ba ɗaya ba ne.

Filin IBB na Abuja, wanda aka buɗe a 1991, wani mataki ne daban: ramuka 18, ciyawa shar, ga tafkuna masu haɗiye ƙwallo, ga tsada. Ka bari sai hannunka ya faɗa, sannan ka hau jirgin ƙasa daga tashar Rigasa a Kaduna zuwa Idu a Abuja ka gwada shi.

Ranar da za ka fara zuwa GRA, ka sa riga mai kwala da takalmi rufaffe, ka nemi kadi, wato mai ɗaukar jakar sanduna, wanda ya daɗe a filin. Yawancin waɗannan masu ɗaukar jakar sun iya wasan sosai, sun san inda ƙasa ta karkata a kowane rami. Ka sallame shi da kyau, ka ce ya riƙa gyara maka tsayuwa da riƙon sanda.