Ordnet.dk: kamus ɗin Danish da ke tono asalin kalma

Jama'a duk mai son bin salsalar kalmomin yaren Denmark ya leƙa ordnet.dk, kyauta ne, ba ruwanka da rajista. Kamus biyu na fi amfani da su a ciki, Den Danske Ordbog na yaren yau, sai tsohon nan Ordbog over det danske Sprog mai juzu'i 28 da ya tattaro yaren daga 1700 zuwa 1950.

Ka rubuta vindue misali, wato taga, zai nuna maka daga Norse, tsohon yaren mutanen arewacin Turai, ta fito, vindauga, vindr iska auga ido, kenan idon iska, don a da can rami ne kawai ake bari a rufin ɗaki hayaƙi ya fita haske ya shigo, kuma wai ashe window ɗin Turanci ma nan ta samo asali, Vikings, mayaƙan teku na arewacin Turai a da, su ne suka kai musu ita Ingila. Wallahi abin ya burge ni sosai. Sabon kamus ɗin har furuci yake saka maka ka saurara, kuma ana buƙatarsa don rubutun Danish daban, faɗarsa daban.

Sai dai fa komai da Danish aka rubuta, in ba ka fara koyo ba sai ka haɗa da manhajar fassara. Tsohon kuma cike yake da gajartattun kalmomi irin oldn. da mnt., ga tsohon rubutu na kafin 1948, aa maimakon å, sai ka yi haƙuri kafin ido ya saba. Ni dai taurari huɗu na ba shi cikin biyar.