Inci biyar ɗin da suka cinye mini albashin wata biyu

Assalamu alaikum mutanen Sakkwato. Tun da na saka hoton jif ɗina a Facebook ake ta tambayata nawa na kashe, wasu har da cewa na zama ɗan gayu. To ku gyara zama, don kafin motar nan ta tsaya da ƙafafunta haka sai da na sha kunya a gaban yara.

Shekarata shida ke nan a Finiks, jihar Arizona ta Amurka. Zafin garin bai ba ni tsoro ba. A 2023 an jera kwana 31 kullum rana sai ta kai digiri 43, mutane na ta kuka, ni da na tashi da Afrilun Sakkwato na ce gida na dawo. Bayan gari kuwa hamada ce da duwatsu, ranar Asabar sai ka ga mutane sun yi jerin gwano da motoci za su je hawan dutse don nishaɗi. Wahalar da direban Tangaza ke sha da damina don neman abinci, su kuɗi suke kashewa su same ta.

Ni ma abin ya shige ni. Na sayi Jeep Wrangler ƙirar 2004, gwanjo, mai ƙofa biyu, tayarta inci 30. Na ga na abokan aikina duk 35 ne, sai na sayo 35 na hannu na ɗaura. Suka ƙi zama. Sai na tuna dabarar gida: na samo tsohuwar taya na yanka ta falle-falle, na jera a kan sifirin don mota ta ɗaga. Kwazazzabon farko da na shiga na ji ƙara kamar ana yaga buhu, ƙauri ya tashi, tayar baya ta cinye madigadi har ta fara cin ƙarfen bodi.

Ranar Litinin na kai ta wani gareji da ba sa komai sai irin waɗannan motoci. Na shiga da ƙarfin gwiwa, na nuna wa mai wurin da yatsa na ce, nan da nan kawai za ka yanke mini, zan jira. Dattijo ne mai furfura. Bai ce uffan ba. Ya ɗaga motar sama, ya haska fitila, ya ga yankakkun tayoyina. Sai ya kira yaransa biyu, ɗaya ma mace ce, suka zo suka tsaya suna kallo. Ba wanda ya yi dariya a fili, kuma wallahi da sun yi da ya fi mini sauƙi. Can ya tambaye ni ko ina ɗaukar yara a motar. Na ce ina ɗaukar biyu. Ya gyaɗa kai, ya roƙe ni in bar masa falle ɗaya zai rataye a bango. Har yau yana nan a rataye, kusa da kalanda.

Daga nan ya ciro tef da alli. Awa ɗaya cur yana awo yana zane a jikin motata. Ya ce tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya a irin wannan mota inci 93 ce da ɗoriya, gajera ce, in ka ɗaga ta sama sosai don taya ta samu wuri, ranar da ta hau tudu za ta iya wuntsilawa da kai ta baya. Gara a bar ta kusa da ƙasa, a yanke bodi a faɗaɗa ramin taya, a matsar da aksul ɗin baya inci biyar. Ni da na ji inci biyar na ce ai ko tsawon tafin hannu bai kai ba. Ashe a bayan aksul ɗin nan tankin mai yake, sai an canza shi. Farfela ta yi gajarta, sai an yi sabuwa. Tiyon birki, mazaunin sifirin, mazaunin shokazoba, duk sai sun tashi sun bi aksul. Shi kansa aksul ɗin, samfurin da ake kira Dana 35, ya ce babbar taya karya shi take yi, sai Dana 44 da ya fi shi ƙarfi. Haƙoran giyar ciki kuma daga 3.73 sai an koma 4.56, in ba haka ba injin zai riƙa nishi kamar jakin da aka yi wa lodin albasa. Abin da ya fi ba ni tsoro agogon gudu ne: da tayar 35 yana nuna mini mil 60 alhali 70 nake yi. Mako biyu ina yawo haka a gaban 'yan sanda.

Na gamsu, na yi godiya, zan fita sai yarinyar nan ta miƙo mini takarda. Dala 140. Na ce na me? Ta ce na awa ɗayan da maigida ya yi yana dubawa. Ko noti ba a kwance ba! Na buɗe baki zan ce a rage, sai na tuna inda nake. Nan ba "nawa za ka bari", ba "albarka", ba a cika maka komai. Kuma aka ce layina sai bayan mako shida. Da aka karɓi motar aka hana ni shiga wurin aiki, wai dokar inshora. Aka zaunar da ni a ɗaki mai sanyi da kofi mai ɗaci, ina leƙen motata ta gilashi kamar mai jinya a asibiti.

A ɗakin nan na yi kewar garejin Kawu can gida. Benci ƙarƙashin dogon yaro, mai shayi a gefe, mai fura ta wuce a kira ta, ana walda ana gardamar siyasa. Ka kawo mota da hantsi, Kawu ya zagaya ta sau ɗaya ya ce, "Mi ka damunta? Bar ta nan, kahin la'asar ta tashi." Kuma ta tashi. In ba ka da kuɗi ka kawo ran kasuwa. Na sha ganin ya ƙera abin da a nan sai an yi odarsa daga wata jiha, da guntun ƙarfe da wutar gas kawai. A iya hannu, dattijon nan bai fi shi ba, ban yarda ba.

Amma mu faɗi gaskiya, Kawu bai taɓa mallakar tef ba. Ido ne da tsinke. Shi ya sa za ka bi bayan akori-kura a hanyar Illela ka ga tana tafiya a karkace kamar kare mai gudu, gaba na duban Kwanni baya na duban Gwadabawa, taya ɗaya ta cinye a wata uku, a ce tayoyin yanzu ba su da kyau. A ƙara wa mota tsawo don ta ɗauki buhu goma, birki na nan yadda kamfani ya yi shi. In ka yi magana a ce "Allah shi kiyaye". Amin, amma mu masu mota mun fi makanikai laifi, mu ne ke tsaye a kansu muna cewa a yi sauri za mu Kara lodi. Ni kaina da wannan halin na tsallaka teku, ga shaida can a bango.

Ranar da na karɓi motar aka ba ni takarda shafi uku, kowane noti da ƙarfin da aka ɗaure shi, aka ce in dawo bayan mil 500 a sake dubawa kyauta. Kyautar farko da na gani a wurin. Na hau babban titi na sassauta hannu a sitiyari, mota ta miƙe sak kamar an ja zare.

Da azumin bara wani ɗan uwa zai dawo gida, na ba shi tef biyu da hular walda mai gilashin da ke yin duhu da kansa ya kai wa Kawu. Na kira bayan sallah in ji labari. Hular tana rataye a ƙusa, wai zafi gare ta. Tef ɗaya yara sun ɓalla, ɗayan kuma matarsa ta kai wa tela.