Mujallar National Review a Ma'auni

Duk mai son fahimtar yadda masu ra'ayin mazan jiya ke kallon siyasar Amurka, da wuya ya tsallake mujallar National Review, wadda William F. Buckley Jr. ya kafa a birnin New York a shekarar 1955, kuma Rich Lowry yake shugabantar editocinta tun 1997.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta zama 'yar amshin shatan jam'iyyar Republican ba, domin a watan Janairun 2016 ta fitar da bugu na musamman da ya tattara marubuta masu adawa da takarar Donald Trump, lamarin da ya fusata wasu masu karanta ta. Sharhinta kan hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli, musamman soke hukuncin Roe v. Wade (wanda ya ba mata 'yancin zubar da ciki) a 2022, yana da zurfi, ko da mutum bai yarda da matsayarta ba.

Sharhin finafinai da Armond White ke rubuta wa mujallar kuwa, a ganina, yakan cusa siyasa inda ba ta da gurbi. Sannan yawancin maƙaloli masu nauyi sai mai rajistar NRPlus, wato tsarin biyan kuɗi na mujallar, ke iya karanta su har ƙarshe.